Masu Gadin Zane Da Takarda A Hartum Da Omdurman

Idan mai zane ya gama aikinsa aka rataye a bango, jama'a suka zo suka kalla suka watse, akwai abin da yake saura wanda ba kowa ke waiwayarsa ba: 'yar takardar gayyata, da ɗan littafin da aka jera sunayen zanukan a ciki, da hoton da wani ya ɗauka ranar buɗe nunin, da sharhin da wata jarida ta buga bayan kwana biyu. Shekara talatin gaba, sa'ad da zanen ya faɗa hannun wani attajiri a wata ƙasa, ko gobara ta lashe shi, wannan tarkacen ne kaɗai zai ba da shaidar cewa an taɓa yin sa, da wanda ya yi, da shekarar da aka yi. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, tsintar irin wannan tarkace da jera shi yadda mai nema zai same shi.

A Ingila masu wannan sana'a sun daɗe da sanin juna. A 1969 ma'aikatan laburare da ke kula da littattafan zane da sassaƙa da gine-gine suka kafa ƙungiyarsu mai suna ARLIS, takwarorinsu na Amurka da Kanada suka bi sahu a 1972, kuma tun 1976 na Ingila suke fitar da mujallarsu. Abin da ke haɗa su ba ya wuce matsalolin da su kaɗai suka san zafinsu: yadda za a shigar da littafin nuni cikin fihirisa alhali ba shi da marubuci, ko yadda za a ajiye hoto shekara ɗari ba tare da ya koɗe ba.

A Sudan abin bai bi wannan hanya ba. Akwai ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, wadda take cikin babbar tarayyar ƙasashen Larabawa ta laburare da bayanai da aka kafa a Tunisiya a 1986, har ma Hartum ta karɓi baƙuncin taron tarayyar a Disambar 2011. Jami'ar Musulunci ta Omdurman kuma ta fara koyar da aikin laburare tun shekarun 1960. Amma tsaron tarihin zane da hoto da fim ya rarrabu ne a hannun mutanen da ba ofis ɗaya suke ba: wani a gidan adana takardun gwamnati, wani a jami'a, wani a gidan rediyo, wata kuwa a ɗakin mahaifinta. Sun shafe shekaru kowa na riƙe da nasa kashin, kuma ba su haɗa kai sosai ba sai da lokaci ya kusa ƙurewa. Labarinsu ya shafi Bahaushe fiye da yadda ake zato, domin akwai takardunmu a cikin abin da suka tsare.

Mafarin abin yana Omdurman. Ranar 2 ga Satumba 1898 sojojin Kitchener suka karya rundunar Halifa Abdullahi a Karari, suka shiga birnin. Daular Mahdi daula ce mai rubutu ƙwarai, tana da magatakarda da hatimai da ma'aikatar ɗab'i, don haka jami'an leƙen asiri na Wingate suka kwashe tarin wasiƙu da umarce-umarce da lissafin baitulmali. Ba don ƙaunar tarihi suka kwashe ba, so suke su san wa ya rubuta wa wa. Takardun suka yi ta kwana a ɗaure fiye da shekara hamsin, sai a tsakiyar shekarun 1950 wani malami Bature, P. M. Holt, ya zauna ya fara warware su, ya kuma fitar da littafinsa kan daular Mahdi a 1958. Gidan Halifa kansa, wanda ke daf da ƙubbar Mahdi, an mai da shi gidan tarihi tun 1928.

Wanda ya gaji Holt shi ne ya mai da aikin sana'a. Muhammad Ibrahim Abu Salim, haifaffen 1927 daga ƙasar Nubiya a arewacin Sudan, ya karɓi ɗan ofishin a 1955, bai sauka ba sai bayan shekara arba'in. A hannunsa ofishin ya zama Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun ƙasa, mai miliyoyin takardu. Ya tattara rubuce-rubucen Mahdi ya buga su cikin mujalladi bakwai, ya rubuta tarihin birnin Hartum, ya kuma bi sawun takardun mallakar ƙasa na sarakunan Sinnar da Darfur, waɗanda yawancinsu suna hannun iyalai ne, a naɗe cikin fata. Duk wanda ya taɓa roƙon wani dattijo a Sakkwato ko Katsina ya buɗe masa gafakar kakansa ya san wannan ba aikin takardar izini daga gwamnati ba ne. Aiki ne na zama, da shan shayi, da komawa sau uku.

A cikin takardun Mahdiyya akwai wasiƙun da suka gudana tsakanin Omdurman da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa ya yi wa Mahdi mubaya'a daga nesa, Mahdi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Wani masanin tarihi ɗan Sudan, Muhammad Ahmad al-Hajj, wanda ya koyar a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1973 a kan aƙidar Mahdiyya a Arewacin Nijeriya. Ke nan akwai babi guda na tarihin gidan Shehu wanda mai son rubuta shi sai ya nemi abin da ke ajiye a bakin Nilu. Haka zancen mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga wannan garin ne Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya fito, wanda ya shugabanci Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum, ya kuma wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar mazauna Sudan take rikiɗa a cikin Larabci. Cibiyar tana da taskar murya, inda aka tara kaset-kaset na waƙoƙi da tatsuniyoyi da hirarrakin ƙabilun ƙasar.

Shi kuwa zane na zamani ta wata ƙofar ya shigo. A da akwai makarantar horon malamai a Bakht ar-Ruda, a bakin Farin Nilu, wadda 'yan Arewa ba baƙinta ba ne, domin can aka tura su Malam Abubakar Gumi da Shehu Galadanci ƙaro ilimi a tsakiyar shekarun 1950. A nan wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya fara koyarwa tun shekarun 1930, daga baya ya buɗe sashen zane a Kwalejin Gordon ta Hartum a tsakiyar shekarun 1940. Sashen ya koma makarantar fasaha ta Hartum a 1951, shi ne ya girma ya zama kwalejin zane da ke cikin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a yau.

Greenlaw ya yi wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Ya riƙa zuwa Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Bahar Maliya, wadda alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka san ta sarai, domin daga nan ake ƙetarawa Jidda. Tun da aka buɗe Port Sudan a farkon ƙarni na ashirin, Sawakin ta fara mutuwa, gidajenta na dutsen murjani suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Greenlaw ya auna su, ya zana ƙofofinsu da tagoginsu na katako masu sassaƙa da ake kira roshan, da tsarin ɗakuna da soraye, ya buga littafin a 1976. Yawancin gidajen da ya zana yanzu tsibin duwatsu ne. Duk mai son sanin yadda Sawakin take a lokacin da kakanninmu suka kwana a cikinta suna jiran jirgi, ga wannan littafi zai koma. A nan zanen ya fi ginin tsawon rai, littafin kuma ya rayu ne don wasu sun ajiye shi a kanta sun ba shi lamba.

Daga wannan makaranta aka sami su Usman Waƙi'allah, gwanin rubutun Larabci, da Ahmad Shibrain, da Kamala Ibrahim Ishaƙ, da Ibrahim El-Salahi. An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, ya dawo gida a 1957, ya baje zanukansa irin na Turai, mutanen gari ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya tashi yana gani, wato harafin Larabci da adon da ake yi wa allon yaro, wanda 'yan Sudan ke kira sharafa, mu kuma muke kira zayyana. Ya riƙa jan harafi yana lanƙwasa shi har ya zama fuska ko tsuntsu ko jinjirin wata. Wannan salo, nasa da na abokansa, shi aka sa wa suna Makarantar Hartum. Ulli Beier ya ga aikinsa ya kai shi Mbari ta Ibadan a farkon shekarun 1960, aka buga ɗan littafin zanukansa a can. A daidai wannan zamani su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, suna fama da irin wannan tambaya: me ɗan Afirka zai yi da fentin Bature?

To, ina takardun wannan zamani suke? Amsar ba ta da daɗi. Jaridun da suka buga sharhi, kamar Al-Ayyam wadda ta buga sanarwar sabon salon da Kamala da ɗalibanta suka fito da shi a 1976, an ɗaure su a Darul Wasa'iƙ da kuma sashen da ake kira Laburaren Sudan a Jami'ar Hartum, inda ake tara abin da aka rubuta game da ƙasar. Sauran kuwa, wasiƙu da hotuna da littattafan nuni, sun bi masu su duk inda siyasa ta jefa su. A 1975 aka kama El-Salahi, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, aka tsare shi wata shida a kurkukun Kobar ba shari'a. A can yana zane a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi don kada masu gadi su gani. Littafin da ya zana bayan fitowarsa a 1976 yau yana gidan zane na MoMA a New York. Shi kansa ya koma Ƙatar, daga nan Oxford. Da Farfesa Salah Hassan ya tashi shirya babban nunin El-Salahi da aka yi a Tate Modern ta Landan a 2013, da nunin Makarantar Hartum baki ɗaya da aka buɗe a Sharja a 2016, sai da aka bi ƙasashe ana tsinto kayan. A ganina wannan shi ne illar rashin gida ɗaya mai kula da takardun zane: tarihin ya samu, amma a Sharja da Landan aka haɗa shi, ɗalibin Omdurman kuwa sai dai ya ji labari.

Na fim ya fi ban tausayi. Rediyon Omdurman ya fara watsa shiri a 1940, ya tara muryoyin mawaƙan ƙasar na shekaru tamanin. A harabar rediyo da talabijin ɗin ne aka ajiye finafinan gwamnati, kimanin 13,000, suna cikin mafi yawa a nahiyar Afirka. A 2017 Suhaib Gasmelbari ya yi wa tashar Aljazeera wani shiri a kan mutum biyu da ke kula da su, Benjamin da Awad, waɗanda suka yi aiki tare fiye da shekara arba'in. Faifan fim ba ya son zafi, ba ya son ƙura, Omdurman kuwa ba ta da abin da ya fi waɗannan biyun yawa. Mutanen nan biyu su ne fihirisar wurin, sun san abin da ke cikin gwangwanayen da ka.

Sai kuma Jadallah Jubara, wanda aka haifa a 1920, ɗaya daga cikin na farko da suka riƙe kyamarar fim a Sudan. Ya ɗauki Hartum ta shekarun 1960 da 1970, titunanta da bukukuwanta da manyan baƙinta, ya gina situdiyonsa na kansa, ya ci gaba da aiki har bayan ya makance, 'yarsa Sara tana zame masa ido. A 2008, bayan doguwar shari'a a kan fili, aka rushe situdiyon, shi ma ya rasu a shekarar. Sara ce ta tsare faya-fayan, har aka sami haɗin gwiwa da cibiyar Arsenal ta Balin daga 2013 aka mai da wani kaso nasu cikin kwamfuta. Ba ta karanta aikin laburare ba, amma ban san sunan da za a ba abin da ta yi ba idan ba wannan ba.

Abin da ya tara waɗannan mutane wuri ɗaya daga ƙarshe shi ne wani shiri mai suna Sudan Memory, wato tunawar Sudan. Farfesa Marilyn Deegan ta King's College a Landan da Dakta Badruddin al-Hajj Musa suka jagorance shi, tare da Darul Wasa'iƙ da wata ƙungiyar 'yan ƙasa mai suna SUDAAK da ta ɗauki adana ilimi a matsayin aikinta. Kuɗin ya fito daga asusun kare al'adu na British Council da kuma gidauniyar ALIPH. Tsarin ba shi da wuya a faɗa: a kai na'urar ɗaukar hoto inda kayan suke, a koya wa ma'aikatan wurin yadda ake ɗauka, a bar wa mai kaya kayansa. Wahalar tana wajen bayani. Hoto ba shi da amfani idan ba a rubuta wane ne a ciki ba, a ina, yaushe, kuma da Larabci da Ingilishi, bisa ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi. A nan ne ma'aikacin jami'a da na gidan tarihi da magajin situdiyon hoto, irin na Rashid Mahdi na Atbara, suka zauna a teburi ɗaya suna gardama a kan abin da 'yan ARLIS suka yi shekara hamsin suna gardama a kai. An yi aikin cikin zanga-zangar da ta kawar da Umar al-Bashir a 2019, da annobar korona, da juyin mulkin 2021, ga ɗaukewar wuta da yankewar intanet. Duk da haka an ɗauki hotuna ɗaruruwan dubbai, aka buɗe shafin ga jama'a a 2022, har da siffar tsibirin Sawakin da aka sake ginawa a kwamfuta.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma a Hartum aka fara, inda da yawa daga gidajen nan suke. A watan Mayu wuta ta cinye laburaren Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman, tarin da aka gina a kan littattafai da takardun wannan masani da ya rasu a 1992. Ginin rediyo da talabijin ya zauna a hannun RSF kusan shekara guda, sai a Maris 2024 sojoji suka karɓe shi. An wawashe Gidan Halifa, wanda ba a daɗe da gama gyara shi ba. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1971, wanda ke ɗauke da kayan sarakunan Kush da zanukan bangon cocin Faras da masana 'yan Folan suka ceto a farkon shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, ya faɗa hannun RSF tun watannin farko. A Satumbar 2024 UNESCO ta gargaɗi dillalan kayan tarihi na duniya da kada su sayi abin da ya fito daga Sudan. Da sojoji suka koma tsakiyar Hartum a Maris 2025, ma'aikatan suka tarar da akwatunan gilashi a farfashe, an kwashe zinariyar, an bar manyan gumakan dutse da suka fi ƙarfin ɗauka.

A nan ne darajar aikin da ake rainawa ta fito. Idan wani zobe na sarauniyar Kush ya ɓulla a kasuwar gwanjo a Turai, babu kotun da za ta saurari Sudan don kawai ta ce nata ne. Sai ta kawo lamba, da awo, da hoto, da shafin rajistar da wani ma'aikaci ya cika da biro shekara hamsin da suka wuce. Ma'aikatan hukumar kayan tarihi, da yawansu suna gudun hijira a Alƙahira da Port Sudan, a kan haka suka duƙufa: haɗa jerin abin da yake nan da abin da ya ɓace, daga kofe-kofen da ke cikin kwamfutocinsu, da littattafan nune-nunen da aka taɓa yi a ƙasashen waje, da bayanan masu tonon tarihi na Turai da suka yi aiki a ƙasar.

Akwai ɗaci a cikin wannan, kuma 'yan Sudan ba su ɓoye shi ba. Abin da ya fi tsira shi ne abin da ya bar ƙasar. Rabin zanukan Faras suna Warso lafiya lau. Taskar Sudan ta Jami'ar Durham, wadda Richard Hill ya kafa a 1957 da takardun tsofaffin jami'an mulkin mallaka, ba ta ji ƙarar harsashi ko ɗaya ba. Masu cewa gara kayan Afirka su zauna a Turai sun sami abin faɗa. Ni ban karɓi hujjar ba, domin Turai ma ta ƙona nata laburaren a yaƙe-yaƙenta, kuma abin da Sudan Memory ta nuna daban ne: asali ya zauna a gida, kofe ya bazu wurare da yawa. Sai dai kofe bai kai ko'ina ba. Abin da aka samu aka ɗauka kafin Afrilun 2023 ɗan kaɗan ne idan aka gwada da miliyoyin takardun da Abu Salim ya bari, kuma shekara biyar ba ta isa a ɗauki abin da aka yi ƙarni ana tarawa ba.

Mai karatu da ya san Gidan Arewa a Kaduna, ko gidan adana takardun ƙasa da ke garin, ko Gidan Makama a Kano, ko Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ɗakin kaset na kowane gidan rediyo a Arewa, zai iya ƙiyasta wa kansa yawan abin da ke cikinsu wanda kofensa ɗaya ne tak a duniya. Ma'aikatansu ma, kamar na Hartum kafin 2018, kowa yana ƙarƙashin ma'aikata daban, wannan na tarayya, wancan na jiha, wancan na jami'a. Uche Okeke, da ya bar Zariya, bai jira kowa ba: ya kwashe takardunsa da na abokansa ya kai garinsu Nimo a ƙasar Ibo, ya ajiye su a cibiyarsa ta Asele, kuma masu rubuta tarihin zanen Zariya can suke zuwa nema.